Yadda na cire Windows ta biyu daga tsohuwar kwamfutata

Tsohuwar kwamfutar hannu da na saya a kasuwar Maraɗi takan tsaya daƙiƙa 30 duk lokacin da na kunna ta, tana nuna Windows 7 har guda biyu domin in zaɓi ɗaya. Ashe wanda ya sake girka manhajar a wani ɓangaren faifai ya zuba ta, ya bar tsohuwar tana cin wuri a banza.

Kafin in taɓa komai, na kwashe takarduna zuwa kile USB, na kuma cika batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar irin wannan aiki takan jawo asara. Daga nan na buɗe msconfig, wato manhajar Windows ta saita yadda kwamfuta ke tashi, na gano wadda ke aiki a lokacin, na mai da ita ta farko, sannan na share sunan ɗayar daga jerin.

Sai dai share suna ba ya cire fayiloli. Don haka na shiga diskmgmt.msc, wato manhajar Windows ta sarrafa ɓangarorin faifai, na goge ɓangaren da tsohuwar take, na haɗa filin da C, wato ɓangaren da Windows ɗin da nake aiki da ita take. A nan ne na yi taka-tsantsan sosai, domin akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare mai megabait 100 da ke ɗauke da fayilolin tayar da kwamfuta, wanda in aka goge shi ba za ta tashi ba. Shi kam ban taɓa shi ba, kuma yanzu tana shiga Windows kai tsaye.