Yadda ake gyara taswirar ambaliya bayan an gina sabuwar magudanar ruwa

Da zarar an faɗaɗa kwalbati, ko an shafe rafi da kankare, ko an haƙa tafkin tara ruwan sama, tsohuwar taswirar ambaliya ta tsufa. Wani gidan ya fita daga haɗari, wani kuma da ke can ƙasan rafi ya shiga bai sani ba. Layin da za ka sake ja shi ne iyakar ambaliyar da ke da yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wadda aka fi sani da ta shekara 100.

Fara da safiyo, kada ka amince da zanen da aka ba ɗan kwangila. A auna abin da aka gina a ƙasa: tsayin gindin kwalbati a mashiga da mafita, faɗinta, yawan ƙofofinta, da ƙasan kowace gada. Kuɗin safiyo yana da nauyi, amma ba nan ake tsimi ba. A kuma tabbatar tushen awon tsayi ɗaya ne da na tsohuwar taswira. A Amurka, alal misali, tsofaffin taswirori suna kan tushen awon da ake kira NGVD 29, sababbi kan wanda ake kira NAVD 88, wanda ya cuɗanya su zai ga ruwa ya hau ko ya sauka a takarda kawai.

Mataki na biyu shi ne inda sababbin hannu ke faɗuwa. Suna buɗe HEC-RAS, manhajar lissafin tsayin ruwa a rafi, su zuba sabuwar kwalbati, su kwatanta sakamakon da tsohuwar taswira, su ce aikin ya rage ruwa da rabin mita. Wa ya ce aikin ne ya rage shi? Ta yiwu sabon awon ƙasa ne, ta yiwu manhajar ce, domin tsohon lissafin da aka yi da tsohuwar manhajar HEC-2 ba ya bi da gada kamar yadda HEC-RAS ke yi. Saboda haka lissafi huɗu za ka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, nemo ainihin tsohon samfurin, wato fayil ɗin lissafin rafin a manhaja, daga hukumar da ta fitar da taswirar, ka gudanar da shi ba tare da taɓa komai ba. Dole tsayin ruwan ya zo daidai da wanda aka buga, bambancin kada ya wuce kamar santimita 3. Idan ya ƙi, tsaya nan ka gano dalili, ko da zai cinye maka mako. Na biyu, gyara kurakuran da ke cikinsa, kamar gadar da aka manta ko tazarar da aka shigar ba daidai ba, ka ƙara layukan awo na gicciye daf da wurin aikin. Na uku, shigar da duk abin da ya canja a ƙasa tun bayan tsohuwar taswira amma kafin aikinka: cikon ƙasa, sababbin gine-gine, tituna. Sai a na huɗu ne magudanar taka ke shiga. Tasirin aikin shi ne bambancin na uku da na huɗu kaɗai. Ajiye kowanne a fayil dabam, ka rubuta abin da ka canja da dalili, mai dubawa zai tambaya.

Lambar kaushi ta Manning, wadda ke nuna yadda kaushin ƙasan rafi ke rage gudun ruwa, tana buƙatar tsoron Allah. Kankare mai santsi yana kusan 0.013, rafin ƙasa mai tsabta kusan 0.030, gefen da ya cunkushe da sarƙaƙiya yakan kai 0.1. Ni ba na yarda da lambar ranar buɗe aiki. Yashi zai taru, ciyawa za ta fito, shara za ta toshe bakin kwalbati, don haka a gwada lissafin da wani ɓangare na bakin a toshe, a ga inda ruwa zai bi.

Kada ka manta da na ƙasa da kai. Ƙaramar kwalbati tana tare ruwa a bayanta, idan ka faɗaɗa ta ruwan zai isa gaba da sauri kuma da yawa. A irin wannan hali sai an sake lissafin yawan ruwan kansa. Ka miƙa samfurin sama da ƙasa har inda sabon tsayin ya haɗu da tsohon, hukumar FEMA ta Amurka, mai fitar da taswirorin ambaliya, tana neman su haɗu cikin rabin ƙafa, wato kusan santimita 15.

Daga nan sai a ɗora tsayin ruwan a kan awon ƙasa, na LiDAR (awo da hasken laser daga sama) idan akwai, a ja sabon layi, a je a taka wurin da ƙafa, domin manhaja takan zana ruwa a bayan tudun da ba zai iya tsallakawa ba. A sanar da duk mai filin da ruwa ya ƙaru a wurinsa a rubuce. A Amurka ana miƙa wa FEMA bayanan cikin wata 6 da samun su, kuma idan tsayin ambaliya ya canja ana ba da kwana 90 na ƙorafi kafin gyaran ya fara aiki. A haɗa da takardar da ke nuna wanda zai riƙa yashe magudanar da kuma sau nawa a shekara.