Yadda Sabon Ɗalibi Zai Zauna da Mutane a Alƙahira

Duk lokacin da aka fara shirin tafiya, sai wani ƙane ko ɗan maƙwabta ya zo ya same ni, ya ce an ba shi gurbin karatu a Azhar, in gaya masa abin da zai tarar. Tambayoyin ba sa wuce uku: nawa ne kuɗin haya, yaya abinci, wane littafi zai riƙe. Har yau ba wanda ya tambaye ni yadda zai zauna da mutane, alhali a nan ne ɗalibi yake jin daɗin ƙasar ko ya sha wuyarta. Na san wanda ya shekara biyar a Alƙahira ya dawo bai taɓa taka gidan Bamisire ko sau ɗaya ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai majalisar 'yan gida, ana Hausa ana cin tuwo. Wannan abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa na zauna na tsara matakan nan, ko Allah zai sa su amfani mai shirin tafiya.

Mataki na farko: ka manne wa wanda ya riga ka

A makon farko kada ka yi gaban kanka. Nemi babban yaya ɗaya cikin ɗaliban da suka daɗe, mai natsuwa, ka bi shi sau da ƙafa. Shi zai kai ka wurin sayen layin waya, shi zai nuna maka tashar mota, shi kuma zai raka ka ofishin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da ke Abbasiyya, wanda aka mayar can a 2019 bayan an daɗe ana yi a babban ginin Mugamma na dandalin Tahrir. A yi sammako, a tafi da hotuna da kwafin takardu fiye da yadda aka ce. Kwafin fasfo da shafin iƙama kuma su zauna a aljihunka kullum.

Idan kana cikin waɗanda aka ba masauki a Madinatul Bu'us, gidan ɗaliban ƙasashen waje na Azhar, an sauƙaƙa maka rabin aiki. Sauran sukan haɗa kuɗi su kama gida a Madinatu Nasr, a Hayyul Ashir ko Sabi' ko Samin, wasu kuma a Darrasa kusa da masallacin Azhar.

Mataki na biyu: ku yi maganar kuɗi tun ana dariya

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum biyar ko shida a gida ɗaya, kowa da irin tarbiyyar gidansu, dole a samu saɓani. Daren da kuka tare ku zauna ku yanke komai: nawa kowa zai riƙa zubawa na cefane, wa ke girki ran Litinin, wa ke wanke banɗaki, baƙo kwana nawa zai yi kafin a ce ya fara zuba nasa. A rubuta a manna a jikin firij. Kunyarmu ta Hausawa kan sa mu yi shiru a kan irin wannan, sai abu ya taru a zuci har wata rana a yi faɗa a kan ƙwai biyu.

Haya ma a yi ta a rubuce. A watan Maris na 2024 aka saki darajar fam ɗin Masar, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, kuma masu gidaje da 'yan kasuwa ba su jira kowa ba. Wanda kuɗinsa ke zuwa daga gida a naira ko a sefa ya san abin da nake faɗa. Idan ɗan ɗakinku kuɗinsa ya makara, ku rufa masa asiri a cikin tukunya, gobe kai ne.

Akwai mutum ɗaya da ba a raina shi: bawwab, mai gadin bene, wanda yawanci yake zaune da iyalinsa a ɗan ɗakin ƙasa. Ka gaishe shi safe da yamma, ka ce masa "ya amm" ka haɗa da sunansa, wato kamar ka ce baffa wane. Ka biya shi kuɗinsa na wata a kan lokaci, ka yi wa 'ya'yansa goron sallah. Shi ya san mai gyaran famfo, shi ya san lokacin da mai tukunyar gas ke wucewa yana ƙwanƙwasa ƙarfe, kuma abin da ya faɗa wa mai gida a kanku shi ake ɗauka.

Mataki na uku: ka koyi Larabcin titi

A nan zan ɗan daɗe. Da yawanmu mukan sauka da Larabci mai kyau, mun sha Ajrumiyya, wasu har Alfiyya, sai mu shiga shago mu yi magana mai cikakken i'irabi. Mai shago zai yi murmushi ya ce "sadaƙallahul azim", wasa yake yi, don a kunnensa ka yi kama da mai karatun Alƙur'ani. Kai kuma in ya amsa maka da nasa harshen, ba za ka tsinci ko kalma uku ba. Wasu a nan suke yin zuciya, su ce ai wannan ɓataccen Larabci ne, ba za su koya ba. Kuskure ne babba. Fusha, wato daidaitaccen Larabci, ta aji ce da littafi da mumbari, kuma ka riƙe ta da kyau. Ammiyya kuwa, wato Larabcin titi, da ita mutanen gari ke dariya da kuka da ciniki, har wasu malamai in bayani ya yi zafi sukan zame su koma cikinta.

Fara da kunne. Harafin jim a bakin mutanen Alƙahira yakan koma "g", shi ya sa za ka ji gami'a a maimakon jami'a. Ƙaf kuma yakan faɗi ya zama hamza, ƙahwa ta koma ahwa, ƙalbi ya koma albi. Da ka gane waɗannan biyun, kalmomi da yawa da ka sani tun a gida za su fito fili. Sai ka haddace na yau da kullum: izzayyak (yaya kake), bikam (nawa ne), mashi (to, shi ke nan), ma'alesh (yi haƙuri, ba komai), bukra (gobe), khalas (an gama). In an ce maka "sabahul kher", amsar ita ce "sabahun nur".

Makarantar da ta fi kowace koyar da wannan ita ce ƙaramar bas. Ka tsaya a bakin titi ka lura da hannayen mutane: mai zuwa Hayyus Sabi' yakan ɗaga yatsu biyu a buɗe, siffar lamba bakwai ta Larabci. In ka shiga, kuɗin mota daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji ma haka zai dawo. Ranar da ka zauna a bayan direba kai ne mai tara kuɗin mutum goma sha wani abu, kuma a ranar za ka koyi ƙirga fiye da yadda wata guda a aji zai koya maka. In ka iso, ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usta", ya tsaya a gefe. Ni na yi kusan mako biyu ina jin nauyin faɗin wannan, ina wuce inda zan sauka in dawo da ƙafa, har wata tsohuwa da ta lura ta faɗa a madadina, ta juyo ta sa ni na maimaita sau uku kafin in sauka. Har yau ina yi mata addu'a.

Mataki na huɗu: ka zama ɗan unguwa

Zaɓi mai ful (dafaffen wakensu) ɗaya, mai kayan miya ɗaya, mai burodi ɗaya, masallaci ɗaya, ka lizimce su. Bayan wata guda za su san fuskarka, bayan wata uku za su tambaye ka in ka kwana biyu ba ka zo ba. Kuma za ka yi mamakin yadda kasuwarsu ta yi kusa da tamu. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, bamiya kuɓewa, mulukhiyya lalo, dum kuma goruba ce da suke jiƙawa su sha. Ranar da na gaya wa mai kayan ƙamshin layinmu cewa a garinmu yara ke gwigwiyar goruba a hanyar makaranta, sai da ya ajiye awo muka yi hirar rabin sa'a.

Ka san kalmar "itfaddal", wato bismillah. Bamisire ba ya cin abinci ka wuce bai ce maka ita ba, kamar dai mu. Sau da yawa ladabi ne kawai, su da kansu suna kiran irin wannan tayin "uzumat marakbiyya", tayin masu jirgin ruwa, wanda ke tsakiyar kogi yana kiran na bakin gaɓa ya zo su ci. Ka ce "bil hana wish shifa" ka wuce. Amma in ya nanata sau biyu sau uku, ya sa rana da lokaci, gayyata ce ta gaske. Ka je, ka riƙe kwalin kayan zaƙi irin basbusa ko kunafa, ka ci da kyau, domin za a yi ta ƙara maka, in an gama ka ce wa wadda ta yi girkin "tislam idik", Allah Ya kiyaye hannunki.

In an yi rasuwa a layinku, za ka ga an kafa babbar rumfa bayan magariba, mai karatu yana karatu, ana raba gahawa marar sukari. Ka shiga ka gaisa da masu makoki da ke tsaye a bakin ƙofa, ka ce "albaƙa'u lillah", ka zauna har mai karatu ya kai aya ya tsaya, sannan ka tashi. Minti ashirin ne, amma maƙwabta ba sa mantawa da baƙon da ya zo musu gaisuwa. Wasu maƙwabtan naka Kiristoci ne Ƙibɗawa, za ka ga ƙaramin gicciye a wuyan hannunsu, bikinsu na Kirsimeti kuma 7 ga Janairu ne. Haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanka a kansu kamar kowa.

Mataki na biyar: ka fita daga da'irar 'yan ƙasarku

Bayan lacca ka riƙa zuwa darussan da ake yi kyauta a cikin masallacin Azhar da zaurukan malamai na kewayensa. A can za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan Indunusiya da ɗan Malesiya da ɗan Senegal, ba ku da harshen da ya haɗa ku sai Larabci, dole bakinka ya buɗe. Kuma kada ka ji kamar kai ne farkon zuwa. An fara salla a wannan masallaci tun 972, a cikinsa kuma an daɗe da ware riwaƙi, wato sashen zama da karatu, na ɗaliban Barno. Ɗan taku kaɗan daga nan akwai masallacin Shehu Ahmad Dardir, mai Aƙrabul Masalik da malamanmu ke karantarwa a zaure. Ka samu abokin muraja'a, wato bitar karatu, ɗaya daga wata ƙasa. A ƙarshen Janairu, in an buɗe babbar kasuwar baje kolin littattafai, ku tafi tare.

Za ka ga ana salla iri-iri, Shafi'awa da Hanafawa da Malikawa a sahu ɗaya. Ka baro gardamar ƙungiyanci a filin jirgi.

Mataki na shida: ka shirya wa abin da zai sosa maka rai

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranar da yara a titi, wani lokaci har manya, za su jefe ka da kalma a kan launin fatarka. Yana da ciwo. Kada ka tsaya dambe, kai baƙo ne, kuma rigimar titi ba ta ƙarewa da kyau ga mai iƙama. Ka wuce, in abin ya yi yawa a wuri ɗaya ka gaya wa dattijon layin ko limamin masallaci, sau da yawa su ke tsawatarwa. In ka koma gida ka faɗa wa 'yan uwanka, kada ka haɗiye shi kai kaɗai.

Siyasar ƙasar ba taka ba ce, ko a mota ko a Facebook. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko ginin sojoji. In ana son hira mai zafi, ga ƙungiyoyin ƙwallon Ahli da Zamalik nan, su ma ka fara sanin wanda mai shagon yake goyon baya.

'Yan uwa mata, a jirgin ƙasa na cikin gari akwai taragun mata zalla a tsakiya, ku yi amfani da su lokacin cunkoso. Ku ƙulla zumunci da matan benenku, su ne za su nuna muku kasuwa mai sauƙi da likitar da za ku je wurinta.

Mataki na bakwai: kewar gida

Takan zo ne da sanyin Janairu, lokacin da ɗaki ya zama kamar randa, da kuma safiyar salla. Ka sa wa kiran gida rana da lokaci, ka tuna Masar tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya, da bazara kuma biyu. Amma kada ka kwana a waya kana bin duk abin da ake yi a unguwarku, jikinka yana Alƙahira ranka yana Kano ko Maradi.

Azumi kuwa ka fita ka gan shi. Ana rataye fitilun fanus a kowane lungu, ana shimfiɗa teburan buɗa-baki na sadaka a bakin titi, mawa'idur Rahman, kowa ya zo ya zauna, a harabar Azhar kuma ɗalibai baƙi ke cika sahu-sahu suna jiran kiran salla. Ranar idi, bayan kun sauko, ku haɗu da 'yan gida a dafa shinkafa da miya, a fito da yajin da kilishin da aka ɓoye tun zuwan wani daga gida. Ku zuba kwano ɗaya a kai wa bawwab, ɗaya kuma a hau da shi bene wurin maƙwabciyar da ta aiko muku da kahk, cincin ɗin sallarsu mai garin sukari a kai, don a can ba a mayar da kwano wayam.