Yadda ake mayar da shat ɗin gwanjo rigar yarinya

Duk wadda ta zo koyon ɗinki wajena, da zarar na ajiye mata shat ɗin gwanjo, almakashi take fara rarumowa. To, daga nan ɓarna take farawa.

Idan kin shiga kasuwar Katako ta Jos, layin 'yan gwanjo, nemi shat ɗin maza mai dogon hannu, XL zuwa sama, kuma na auduga. Mai santsi ni ba na ko taɓa shi, zamewa yake a ƙarƙashin keke. Ɗaga shi ki kalli rana ta cikinsa, inda haske ya ratsa sosai wurin ya riga ya ci. Daƙon kwala kada ya dame ki, cire ta za a yi, hujjar neman ragi ma kika samu. Ba sai kin yi sammakon buɗe dila ba, ragowar da aka tsince aka bari ta fi araha.

Wanke shi shi kaɗai da ruwan ɗumi da ɗan Dettol, ki ga ko yana zuba. Bayan ya bushe, ki farke hannaye da kwala da gefuna da reza, ki goge kowane ƙyalle ya kwanta sumul.

Yanzu wurin da nake so ki natsu, 'yar'uwa. Kowane yadi yana da tsayin zarensa. Ja shi a tsaye, ba zai biyo ki ba. Ja shi a karkace, sai ki ji yana miƙewa. A jikin shat, layin maɓallai shi ne jagoranki, dole tsakiyar rigar ta bi shi sak. Wata Sallah na yanka wa 'yata riga, na ɗan karkatar da yankan don in kauce wa wani tabo da bai fi kan yatsa ba. Ranar idi ta yi kyau. Wanki ɗaya, ɗinkin gefe ya murɗo ya dawo kan cikinta, tana tafe tana jan rigar, abin har yau yana min ciwo. Idan tabo ya tare miki hanya, ɗora masa aljihu, kada ki karkace ko kaɗan.

Kawo rigar da take yi wa yarinyar daidai, 'yar shekara 3 zuwa 5 shat ɗaya ya ishe ta. Shimfiɗa ta a kan ƙyallen shat ɗin, zana da alli, bar inci 1 na ɗinki, ƙasan ya ɗan buɗe. Gaban shat shi zai koma baya, kin huta da huda gidan maɓalli. Kalmasar ƙasa ma ki bar ta yadda take.

Hannun kuwa dogo nake yi, kowa ya san sanyin Jos a Disamba. Haɗa kafaɗa, saka hannu, rufe gefe, naɗe wuya da ragowar ƙyallen, sai a kai wibin, wato ɗaure bakin ɗinki da keke don kada ya zare.