Kurakuran da ke ɓata kunun zaƙi, daga tsiro har zuwa gora

Da zarar zafi ya kunno kai a Bauchi, ko azumi ya matso, sai ka ga amare da 'yan mata sun yi ca a kan sana'ar kunun zaƙi. Madalla da neman na kai. Abin da ya ishe ni shi ne tambayoyin da ake aiko min, kullum guda uku ne suke juyawa: "Anti, nawa ya ƙi tsinkewa." "Anti, kafin azahar ya yi tsami." "Anti, gorar ta kumbura, ko lafiya?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa zan faɗa gaba ɗaya, wadda ta ji haushi ta yi haƙuri.

Babbar ɓarna ta farko ita ce zuba tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka busar, a kan kunun da bai huce ba. Yawancin sababbin hannu sun ɗauka tsiro kayan ƙamshi ne irin su citta da kanumfari, ko yaushe aka jefa shi daidai ne. A'a. Lokacin da ƙwayar shinkafa ko dawa ta fara tsira, tana samar da wani sinadari da masana ke kira amiles, aikinsa ya narkar da sitacin hatsi ya mayar da shi sukari. Shi ne yake sa kunun da kika dama da kauri ya saki ya zama ruwa, shi ne kuma yake kawo zaƙin nan mai sanyi da ba ya kama maƙogwaro. Busasshen dankalin Hausa da muke haɗawa ma irin wannan aikin yake yi. Sinadarin nan yana son ɗumi, wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyos, amma tafasasshen zafi kashe shi yake yi, kuma in ya mutu ya mutu, babu ƙarin tsiron da ya rage a gidan da zai dawo miki da daren da ya wuce.

Wannan kuskuren ya taɓa ja min asarar da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Aikin walima ne, an ba ni kuɗi tun da wuri. Na dama kaso mai yawa na ƙullun da tafasasshen ruwa, ya yi kauri yadda ake so, na ce da yarinyar da ke taya ni ta bari ya sha iska kafin ta juye ragowar ɗanyen ƙullun da na haɗa da tsiro. Ita kuwa barci take ji. Ina juya baya ta antaya shi, tururi na tashi, ta rufe ta tafi ta kwanta. Da asuba na buɗe robar, na soka muciya a tsakiya, ta tsaya ƙyam ba ta ko karkata ba. Talge ne cike da roba. Gero ya tafi, itace ya tafi, kuɗin markaɗe ya tafi, daga aljihuna na sayi lemon kwalba katan-katan na kai gidan biki. Uwar amarya ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Hajiya, ai da kin gaya mana ba za ki iya ba." Gara da ta zage ni.

To ga yadda nake yi, ban ce kowa haka take yi ba. Ina raba ƙullu uku, in dama kashi biyu, in bar kashi ɗaya ɗanye in haɗa shi da niƙaƙƙen tsiro da dankali. Ba na haɗa su sai tururi ya lafa, na iya ɗora bayan hannuna a jikin robar ba tare da na fizge ba. Sannan in zuba, in juya sosai har ƙasa, kuma ba na barin wurin sai na ga ya fara saki a kan muciya. In ya yi minti 20 bai nuna alama ba, akwai matsala, kuma a lokacin ake gyara ta da ƙarin tsiro, ba da safe ba. Kar kuma tsoron zafi ya sa ki bari ya yi sanyi ƙalau, nan ma tsiron kasala zai yi, tsami ya riga zaƙi isowa.

Masu cewa tsiro wahala ce su cika sukari, ko su ɗiga sakarin, su ma na ji su. Abin da kuke sayarwa ruwan gasara ne, kuma mai saye yana gane ɗacin da ke biyo baya a harshe.

Kan tsiron kansa akwai abubuwa biyu. In za ki saya a Muda Lawal ko Wunti, ki ɗebo ki shinshina; in kin ji warin rima ko kin ga baƙi-baƙi da kore-kore na fumfuna, ki ajiye masa abinsa, domin fumfunar hatsi na iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. In ke za ki yi da kanki da dawa, bayan ya bushe ki murje shi ki sheƙe saiwoyin da tohon. Duk wanda ya yi kiwo ya san gyauron dawa na kashe dabba, to irin wannan gubar ce ke taruwa a tohon. Ni dai tsiron shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, na fi so, ya fi ba ni launi mai haske.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin na farko aljihu yake taɓawa, wannan kuwa har da addini. Kunun zaƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya bayan an tace shi. Kwanan da yake yi a rufe, ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke aiki a ciki suna ba shi ɗan tsamin nan mai daɗi. In an bar shi cikin zafi sai tsamin ya yi yawa, yis ya samu sukari ya fara ci, yana fitar da iska da barasa. Gorar da ta kumbura ta yi tauri, murfin da ya ce "fuss" da aka murɗa, kumfar da ke tasowa daga ƙasa, duk saƙo ɗaya suke ba ki. Masu dafa burkutu da dawa suke yi, da tsiro suke yi, irin naki sak. Abin da suke ƙarawa shi ne su zuba ragowar tsohuwar giya a cikin sabuwa, su bar ta ta yi kwanaki. Ke da kike ɗura kunun yau a jarkar jiya ba ki wanke ba, kin ɗauraye da ruwan sanyi kawai, me kika yi da ya bambanta da nasu?

Abin yana ƙona min rai saboda na ga mai yi da gangan. Kunu ya kwantai, maimakon ta zubar sai ta juye shi cikin sabo "don kar a yi asara", ta ƙara sukari ta rufe tsamin, ta ba yaro ya kai tasha. Ƙarin sukarin nan abinci ta ƙara wa yis. Mai azumi ya saya ya yi buɗa-baki da shi, cikinsa ya ɗauki ƙugi, in ma abin ya tsaya a nan. Haba baiwar Allah! Ko tsimin dabino da zabibi da ake jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo a hadisi cewa ba ya wuce yammacin rana ta uku yana sha. Kunun da aka bari a zafin watan Maris da Afrilu na Bauchi, lokacin da rana ke kusantar digiri 40, ko wuni ɗaya cikakke ba ya kaiwa.

Ni dokata a gida ita ce kunun yau na yau ne. Jarka da gora da ƙyallen tata, ruwan zafi da sabulu, a kife su a rana. Ba na sa sukari sai an tace an kusa ɗurawa. Ba na cika gora har wuya. Daga tata sai kula da ƙanƙara, domin dogara da firji a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama ganganci ne. Abin da ya rage bayan isha a ba almajirai tun yana da kyau, wanda ya juya kuma a zubar, kar a ba kowa.

Sauran ƙanana ne. Ruwan da za ki tsinka kunu da shi bayan tata ya zama dafaffe ko na leda mai kyau, tunda ba za a sake ɗora shi a wuta ba. Ki rege gero, tsakuwa ɗaya a ƙasan kofi ta isa ta kore miki mai saye. Ki tsaya a kan mai markaɗe ya wanke inji, in ba haka ba ki sha kunu mai ƙamshin wake da tattasai. Kanumfari kaɗan ake sawa. Gorar da aka tsinto a bola ko bakin asibiti ba ta shiga gidana ko an wanke ta da me.

Tunda ana maganar tsiro, bari in taɓo 'yan uwansa na kanti. Maltina da Malta Guinness da ire-irensu su ma daga tsiro ake yin su, ba a dai bari su zama giya. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin ƙasar nan suka koma kan dawar da manomanmu ke nomawa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne gwangwanayen waje da ake jerawa a manyan kantuna. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, doka ta yarda a rubuta cewa abu ba na barasa ba ne alhali yana ɗauke da ita ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari, domin wasu giya ce aka yi sannan aka zare mata barasar. Ki juya gwangwanin ki karanta. Hukuncinsa na malamai ne, amma ni in ban ga 0.0 ba, ko ban ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa ba, mayarwa nake yi kan kanta. Masu haɗa malt da madarar gwangwani wai ƙarin jini, sukari kuke sha. Mai ƙarancin jini ta je a auna ta, ta ci hanta da zogale.

Haka masu kwaikwayon girkin intanet. In kin ga an ce a kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, iskar da ke ciki ake nema don ɓawon ya yi garas-garas, ruwan soda mai sanyi zai yi miki aikin. In a dahuwar nama ne, romo da ɗan ruwan tsamiya ya wadatar. Kar ki ce za ki maye gurbinta da malt, zaƙinsa ya yi yawa, zai kama gindin tukunya ya ƙone tun naman bai yi laushi ba.