Darasi: Gyaran Bawul ɗin Ruwa a Motar Kwana

Motar kwana ita ce wadda aka shirya mata gado, wurin girki da bayi a ciki. 'Yan yawon buɗe ido sun sha zuwa da irinta Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, wasu su wuce Rumsiki. Motocin asibitin tafi-da-gidanka ma tsarin ruwansu kusan ɗaya ne. Idan ruwan ya sami matsala, garejin gari ake kai su, kuma da yawa ana sauya kaya masu tsada alhali ƙwayar yashi ce kawai ta maƙale a bawul.

Ga yadda ruwa yake tafiya. Yana fitowa daga tanki, ya bi ta ƙaramar rariya, ya shiga injin tura ruwa mai aiki da batir na volt 12. Daga nan tiyo ya raba shi zuwa famfon girki, bayi da tukunyar ɗumama ruwa. Injin yana da makunni mai jin matsin ruwa. In an buɗe famfo matsi ya ragu, sai injin ya tashi. In an rufe matsi ya cika, sai ya tsaya. Galibi yana tsayawa ne tsakanin bar 1.5 da bar 4 (bar ma'aunin matsi ne), gwargwadon irinsa, kuma a jikinsa aka rubuta.

Ku fara da kunne

Kada ku taɓa sifana tukuna. Ku zuba ruwa a tanki ya wuce rabi, ku rufe duk famfuna, ku kunna injin ruwa, ku saurara minti 15. In ya yi aiki ya tsaya bai sake motsi ba, layin lafiya lau yake. In yana yin "burr" na ɗan lokaci bayan kowane 'yan mintoci, matsi na zurarewa a wani wuri. In kuwa ya ƙi tsayawa sam kuma ruwa na fita da tofi, iska yake ja. Sai a duba murfin rariya ko ya tsage, a duba maɗaurin tiyon da ke tsakanin tanki da inji. Hanya mai gargada tana kwance maɗauri.

Idan matsi ne ke zurarewa, ku bi tiyo da busasshen tsumma, ku leƙa ƙarƙashin mota, ku leƙa cikin kwanon bayi. Duk inda kuka ga jiƙa, nan ne. In ko'ina a bushe yake, to ruwan baya yake komawa cikin tanki, kuma laifin bawul mai hanya ɗaya ne.

Bawul mai hanya ɗaya

Aikinsa kamar na bawul ɗin tayar keke ne: ya bari a wuce gaba, ya hana dawowa. Akwai shi a cikin kan injin ruwa. Faifan roba ne siriri da ke kwanciya a kan baki ya rufe shi. Ƙwayar yashi guda ta isa ta ɗaga shi. A ƙasarmu wannan ita ce cuta mafi yawa, domin ana cika tanki da ruwan rijiya, ko na ramin da aka tona a yashin mayo, wato rafi, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga bakin tanki in an bar shi a buɗe.

Wata alamarsa: an jona mota da famfon gari, sai tanki ya riƙa cika da kansa har ya yi ambaliya.

Ku kashe injin, ku zare fiyus ɗinsa, ku buɗe famfo ɗaya har ruwa ya daina fita. Ku shimfiɗa tsumma, ku cire tiyon shiga da na fita. Ku kwance notunan kan injin, ku jera kayan a kan tire bi da bi yadda kuka fitar da su. Ɗaukar hoto da waya kafin a kwance yana da amfani ƙwarai. Ku wanke faifan da ruwa mai tsabta, ku ɗaga gefensa da yatsa a hankali ku duba ƙarƙashinsa. Ban da allura, ban da waya, suna huda roba. In farin gishirin ruwa ya daskare a kai, a jiƙa shi awa 1 cikin ruwan khal da aka gauraya da ruwa daidai wa daida, sannan a ɗauraye. Robar da ta yi tauri ko ta lanƙwashe ba ta gyaruwa, sai sabuwa. Wajen mayarwa a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don kan ya zauna daidai.

In ba a sami robar wannan injin a kasuwa ba, akwai dabara. A sayi bawul mai hanya ɗaya na tagulla a kantin kayan famfo, a ɗaura shi a tiyon fita, dab da inji. Kibiyar da ke jikinsa ta kalli famfuna, ta juya wa tanki baya. Yawancin tiyon motocin nan milimita 10 ne ko 12, ko rabin inci. Ku yanki guntu ku tafi da shi kanti, ya fi kwatance da baki. A naɗa farin tef na famfo zagaye 4 ko 5 a kan zare, ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Kafin a rufe aiki a wanke rariya, in ba haka ba yashin zai dawo.

Wasu motocin suna da wani irinsa a bakin da ake jona tiyon gari, a jikin mota ta waje. In ya lalace, ruwa na ɗiga daga bakin duk lokacin da injin ke aiki. A ciki akwai ɗan tsinken roba, sifirin (murɗaɗɗiyar waya) da zoben roba. Kada a danna tsinken alhali akwai matsi a layi, ruwa zai tunkuɗe zoben daga mazauninsa. A sauke matsi tukuna, sannan a danna shi sau biyu ko uku yashi ya fita.

Bawulolin tukunyar ɗumama ruwa

In ruwan zafi na fitowa da ɗumi-ɗumi kawai, ku duba bayan tukunya. Motoci da yawa, musamman ƙirar Amurka, suna da bawul uku a nan, an yi su ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Na sama da na ƙasa su kasance a buɗe, na tsakiya a rufe. Hannun bawul in ya bi tsawon tiyo a buɗe yake, in ya gicciye a rufe yake. Na tsakiya in ya buɗe, sanyi da zafi suke gauraya. Kada a kunna tukunya sai ruwa ya fito sosai daga famfon zafi, domin tukunyar lantarki in ba ruwa waya mai ɗumamawa ƙonewa take yi.

Tukunya tana da bawul na kariya mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Ɗigo kaɗan lokacin ɗumamawa ba laifi ba ne, ruwa ne ke kumbura. In yana zuba ba tsayawa, a bari ya huce, a sauya shi da mai lamba iri ɗaya. Toshe shi haɗari ne babba, tukunya na iya fashewa ta ƙona mutum. Duk mai motar da ya nemi ku toshe masa shi don yana sauri, ku ƙi.

Bawul ɗin zubar da ƙazamin ruwa

Zafin watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40 a Marwa da Njamena, yana busar da robobi biyu da faifan bawul ɗin ke zamewa a tsakaninsu, sai hannu ya yi tauri ko ya riƙa yoyo. A juye tankin ƙazamin ruwa a ɗauraye shi, a sa safar hannu, a kwance notuna huɗu, a zare faifan, a sauya robobin. A shafa musu girisin silikon kawai. Man inji da man shafawa na fetur suna kumbura irin wannan roba.

Aikin aji: ku nemo tsohon bawul mai hanya ɗaya, ku wanke shi, ku hura ta kowane gefe, ku rubuta gefen da iska ta wuce. Sannan ku zana layin ruwa daga tanki zuwa famfo, ku sa kibiya a inda za a ɗaura shi.