In aka ce maka "me kake yi?", kar ka tsaya a sunan muƙami

Mutum zai yi shekara da shekaru yana aiki har ya goge, amma da an tambaye shi me kake yi sai ya ce "ni manaja ne" ko "ni ofisa ne" ya ja bakinsa ya yi shiru, toh manajan me, ofisan wa? Wannan abin yana damuna gaskiya, don sunan muƙami ma'aikata ce ta raɗa shi ba kai ba, gobe in sun canza tsari sai sunan ya tafi, abin da ka iya kuwa yana nan tare da kai.

Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk abin da ka yi a satin da ya wuce, ba abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki ba fa, ainihin abin da ya ci maka lokaci. Sai ka duba, su wa suke nemanka in abu ya cuɗe, kuma wace matsala ce take kawo su. Akanta in ya yi haka ba zai ƙara cewa "ni akanta ne" kawai ba, zai ce "ina taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa su san ainihin ribarsu kafin ƙarshen wata, su daina cin uwar kuɗi suna zaton riba ce", ka ga wanda ya ji wannan nan take zai tuna wani da yake bukatarsa.

Kuma kar wani ya ce ai wannan sai manyan ma'aikata. A 2001 wasu masu bincike biyu a Amurka, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun yi rubutu a kan masu shara da goge-goge a asibiti, muƙami ɗaya ne, amma wasu sharar kawai suke gani, wasu kuma suna ɗaukar kansu cikin masu kula da majinyata, suna lura da wanda ba a zo duba shi ba su ɗan tsaya su yi masa hira. In ka tambayi irin waɗannan aikinsu ai ba tsintsiya za su fara ambata ba.

Kalmomin nan na "haziƙi", "gwani", "mai kishin aiki", dan Allah ka cire su daga bayanin aikinka, kowa haka yake cewa. Ka sa abu ɗaya da ka taɓa gyarawa wanda ke da shaida, kuma kar ka ƙara gishiri, ranar intabiyu za a tambaye ka yadda ka yi shi.

Sunan muƙamin ma ba jefar da shi za ka yi ba. A LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, layin da ke ƙasan sunanka yana ɗaukar haruffa 220, masu neman ma'aikata kuma da sunan muƙami suke bincike, saboda haka ka fara da shi sannan bayanin ya biyo baya. Bayanin da za ka yi da baki kuma ya zama jimla ɗaya ko biyu, ka gwada shi a kan wani da bai san fanninka ba ko kaɗan, in ya ce "wato kamar yaya?" toh da saura, koma ka rage turancin ofis ɗin ka sake faɗa masa.