Yadda na ƙera wa tsohon agogon West End sabon sifirin

Wani dattijo daga cikin Hausawa mazauna Makka ya kawo mini agogonsa ƙirar West End a shagona da ke Balad a Jidda, ya ce duk sanda aka ba shi wani, wato aka murɗa shi domin ya yi aiki, sai ya warware nan take. Da na buɗe bayansa na duba da madubin ƙara girma, sai na tarar babban sifirin lafiyarsa ƙalau, amma ɗan siririn sifirin da ke danna mariƙin haƙoran wani, wato ɗan ƙarfen da ke hana wanin warwarewa, ya karye, kuma irinsa ya daɗe da ɓacewa a kasuwa.

Na yanki ɗan guntun tsohon sifirin agogo, na gasa shi ya yi ja, na bar shi ya huce a hankali domin ya yi laushi, sannan na goge shi da ƙaramin magagari, ina gwada shi da karyayyen har kaurinsu da lanƙwasarsu suka zo daidai. Bayan haka na sake gasa shi, na tsoma a mai. A wannan mataki ƙarfen yana da gautsi ƙwarai, saboda haka na ɗora shi a kan garin tagulla bisa wuta kaɗan, ina kallon launinsa yana sauyawa daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, wato zafin ya kai kusan digiri 300. A ganina nan ne aikin yake, domin wanda ya wuce shuɗin ya rasa ƙarfin sifirin.

Na ɗaura shi, na ɗiga mai kaɗan, na ce, "Baba Alhaji, bisimilla, a gwada." Wanin ya riƙe, agogon kuma ya kama aiki.